Babur na Hannu: Abin Dubawa Kafin a Ƙirga Kuɗi

Babur shi ne ƙafar mutumin karkara a kudancin jihar Katsina. A Sabuwa da ƙauyukanta irin su Maibakko da Machika da Dugun Mu'azu, shi ke kai taki gona, shi ke kwaso masara, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, kuma a kansa ake ɗaure buhu a nufi kasuwar Dandume ko a wuce Funtuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur a kwali ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi da ɗan acaɓa. Sai jama'a suka ƙara raja'a ga na hannu, wanda ya riga ya yi shekaru yana bauta wa wani.

Babur ɗin da ya yi aiki a wannan yanki ya sha wuya iri uku: lodin da ya wuce ƙarfinsa, ƙurar hunturu, da ruwan rafi a damina. Ga kuma yanayin tsaro. Sabuwa ta yi iyaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna, kuma kowa ya san abin da ake nufi da mutuwar inji a tsakiyar hanya bayan la'asar sakaliya. A wani wuri lalacewar babur ɓata lokaci ce kawai, a nan tana iya zama maganar rai. Saboda haka binciken da ake yi kafin saye ya cancanci a ba shi yini guda cur.

Ana fara binciken ne daga takarda, tun kafin a buga kik. Dalili kuwa, inji idan ya lalace makanike na gyara shi, amma babur ɗin sata babu garejin da ke wanke shi. Satar babura da ƙwace su ta daɗe tana tafiya tare da ta'asar 'yan bindiga, domin babur ne dokin ɗan ta'adda a daji. Wannan ne ya sa a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari, cikin dokar da ta kafa don shawo kan matsalar tsaro, ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, wadda ta yi suna da wannan ciniki. Dokar ta kuma hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Kankara zuwa Sheme ga motocin haya. Wanda duk ya ga wancan lokaci ya san cewa babur marar asali kan jawo wa mai shi tambayoyin da ba shi da amsarsu a shingen jami'an tsaro.

Kowane babur na da lambobi biyu da kamfani ya buga masa. Ɗaya lambar shasi ce, galibi a wuyan babur inda kai yake juyawa, kuma a yawancin baburan zamani haruffa da alƙaluma 17 ne. Ɗayar lambar inji ce, a jikin injin ta ƙasa, sau da yawa kusa da inda ake taka giya. Maiƙo da laka kan rufe su, don haka a tafi da tsumma da ɗan fetur a goge. Sai a ɗauko rasiɗin farko na shagon da ya sayar da babur ɗin sabo, a karanta harafi bayan harafi, mutum ɗaya na karanta takarda ɗaya na kallon ƙarfe. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Idan aka ga wurin ya yi santsi kamar an goga masa injin niƙa ƙarfe, ko wani harafi ya karkace, ko an shafa sabon fenti daidai kan lambar alhali sauran jikin ya koɗe, to ciniki ya ƙare a nan, komai arahar kuɗin.

Akwai babur ɗin da lambar injinsa ba ta dace da rasiɗi ba saboda an taɓa canza masa inji, kuma wannan na faruwa da gaskiya. Sai dai mai gaskiya na da takardar sayen injin, ko aƙalla ya san makaniken da ya ɗora shi. Haka nan babur ɗin da ya bi hannu uku ko huɗu, kamata ya yi kowane hannu ya bar takardar yarjejeniya, ta yadda za a iya bin sawu har a koma shagon farko. Amsar da ta fi yawa a bakin dillalai ita ce takardu sun ɓace a gudun hijira ko gobara ta ci. Yana yiwuwa, domin mutane da yawa sun bar gidajensu da kayan jikinsu kawai. Amma a irin wannan hali sai a nemi wanda zai tsaya: mai unguwa ko dagacin garin mai babur, da takardar rantsuwa daga kotu, da rahoton 'yan sanda. A dokar ƙasa karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa. A fiƙihun Malikiyya ma, idan mai kaya na asali ya bayyana da hujja, kayansa zai karɓa, shi kuwa mai saye ya bi wanda ya sayar masa. Idan wancan baƙo ne da aka haɗu da shi ranar kasuwa, sai dai a bi iska.

Bayan takarda sai lokacin dubawa, kuma lokacin shi ne sassafe. Wanda ya taɓa zuwa inda dillalai ke jera babura ya san yadda ake yi musu kwalliya: an wanke su tas, an shafe tayoyi da baƙin mai suna ƙyalli, an sa sabuwar rigar kujera, an manna sitika a tanki. Sitikar nan sau da yawa a kan loɓawa take zaune. Kafin mai saye ya iso, yaro ya riga ya zaga gari da babur ɗin sau biyu, inji ya yi ɗumi, bugu ɗaya sai ya tashi. Inji mai ɗumi na ɓoye rabin ciwonsa. Abin yi shi ne a ɗora bayan hannu a jikin injin da salansa tun kafin gaisuwa ta ƙare. Idan da ɗumi, a ce za a dawo gobe da asuba. Kuma a zo da makanike na kai, wanda ba ya cin la'ada a cinikin. Kuɗin shayin da za a ba shi bai kai kuɗin fistin ɗaya ba.

A sanyaye, kafin a kunna makulli, a taka kik a hankali da ƙafa. Inji mai lafiya na turjiya, ana jin wani wuri da yake cijewa kafin ya wuce. Idan kik ya zarce ƙasa salab kamar an taka fanko, zoben fistin ya cinye ko bawul ba ya rufewa. Daga nan a tayar. Bugu biyu ko uku da ɗan cok a safiyar hunturu ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yi ta bugu har gumi, ko ya tashi amma ya ƙi tsayawa a silo sai an riƙe masa totur.

Hayaƙi na magana, kuma harshensa uku ne. Fari-fari mai ɓacewa cikin minti ɗaya da safe raɓa ce kawai ke fita daga salansa. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa a kan iska, wato kafireta na buƙatar saiti ko matatar iska ta toshe. Gyaransa ba tsada, amma kafin a gyara babur ɗin zai riƙa shan mai kamar raƙumi, a zamanin da kowace lita ke da lissafi. Shuɗi-shuɗi shi ne abin tsoro, domin baƙin mai ne ke ƙonewa tare da fetur, alamar zobe da bulo sun gaji. A sa wani ya murɗa totur da ƙarfi ya saki, mai saye na tsaye a baya yana kallo. A kuma zura yatsa a bakin salansa idan ta huce: busasshen baƙi toka ce, mai danƙo kuwa mai ne. Banda tsofaffin injuna irin Suzuki A100, waɗanda tun asali suna ƙona mai tare da fetur, hayaƙi ɗabi'arsu ce. Amma Bajaj Boxer ko Honda ko TVS ko Jincheng mai bawul, idan yana shuɗin hayaƙi, aikin buɗe inji na jiran wanda ya saya.

Sannan a zaro ma'aunin baƙin mai. Ɗan ƙaramin injin nan abin da yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma da ita yake sanyaya kansa, ya jiƙa kulochi da giya. A shafa man tsakanin yatsu biyu a ɗaga wa rana. Idan ana ganin ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin ƙarfe, inji na cin kansa. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ke samun babur ɗin da aka tsallaka rafi da shi ruwa ya kai masa wuya. Idan kuma man ya yi kauri kamar zuma, a yi hattara: tsohuwar dabara ce a ɗura wa gajiyayyen inji mai mai kauri don ya danne ƙara ya rage hayaƙi na kwana biyu. Sabon mai garau a tsohon babur ba hujja ba ce ta kulawa, yana iya zama na jiya da yamma.

Kulawa ta gaskiya a akwatin iska ake ganinta, wurin da dillali ba ya tunawa ya wanke. A kwance murfin. Idan soson na nan, da ɗan maiƙonsa, bayansa kuma babu ƙura, mai babur ɗin ya san abin da yake yi. Idan soson ya ruɓe ko an cire shi gaba ɗaya, wai don babur ya ƙara gudu, to ƙurar shekaru ta shiga ciki ta yi wa bulo aikin yashi. Filogi ma shaida ne: bakinsa ya kasance ruwan ƙasa-ƙasa kuma a bushe. Tarihin wannan matsala ta rashin kulawa ya daɗe. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana hawan babur da lodi ba tare da juyen mai a kan kari ba, sai ya ƙera inji mai sauƙi da zai jure sakaci. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwannin Arewa daga baya a kan wannan tsari aka kwaikwaye su. Juriyar tasu ce ma ke ruɗar mai saye, domin injin kan ci gaba da tashi ko da ya kusa bugawa.

Kunne na da nasa aikin. Ƙaramar ƙara cak-cak daga saman inji yawanci bawul ne ke neman saiti. Ƙara mai kama da jan sarƙa daga gefe, a injuna irin na Boxer, ƙaramar kacar cikin inji ce ta saki. Waɗannan duka masu sauƙi ne. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal, wanda ke ƙaruwa idan an ba da wuta, daga gindin inji yake fitowa, kuma gyaransa sai an raba injin biyu. Makanikai kan kafa bakin sukurudireba a jikin inji su kanga kunne a ƙotar don su gane inda ƙarar take.

Duk da haka, akwai abin da ya fi inji muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa: ƙashin bayan babur, wato shasi. Inji ana sake masa fistin, ana sake bulo, ana ma sauke shi a ɗora wani. Shasin da ya karye aka yi masa walda, ko ya lanƙwashe aka miƙar da shi da guduma, ba ya komawa yadda yake. Babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu, a nan yakan ɗauki buhu biyu na masara da mai tuƙi, a kan hanyar da ruwa ya zaizaye. Wuraren da ke fara tsagewa sanannu ne: wuya, ƙarƙashin kujera, inda shokozoba ta baya ke ɗaure, da gindin kariya. Dole a cire kujera, a cire murafun gefe, a leƙa ƙarƙashin tanki da tocila. Waldar kamfani sumul take kamar ɗinkin keke. Ta bakin titi kuwa tudu-tudu ce, an lulluɓe ta da baƙin fenti mai sheƙi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar kayan aiki. A sami wuri mai laushin ƙasa ko a yayyafa ruwa, a tura babur a miƙe. Tayar baya ta hau sawun ta gaba, sawu ya zama ɗaya. Idan aka ga sawu biyu gefe da gefe, ko dai ba a saita tayar baya daidai ba, ko shasi ya murɗe. Sannan a kafa babur a tsayuwar tsakiya, wani ya danne baya, a juya kai hagu da dama. Ya tafi sulɓi ba tare da maƙalewa a tsakiya ba. A kama ƙafafun gaba a ja a tura, a kama tayar baya a girgiza ta gefe. Duk inda aka ji ƙwas-ƙwas, boris ko bushi ya mutu. A duba ƙafafun gaba ko suna tsiyayar mai. A juya taya a kalli bakinta ko tana rawa, a bi wayoyinta da sifana ana ƙwanƙwasawa: mai ƙarfi na amsa da zaƙi, sakakkiya kuwa sai ta yi dum.

Tayoyi da yawa na ɗauke da ranar haihuwarsu a gefe, alƙaluma huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Taya mai sauran zane amma gefenta ya tsattsage kamar kaushin ƙafa ta gama aiki. Kaca kuwa, a ja ta daga bayan faifan haƙoran baya. Idan ta taso har ana hango rabin haƙori, ta miƙe. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata kamar ƙugiya su ma sun tafi, kuma tare ake canza su da kacar, in ba haka ba tsohon ya cinye sabon.

Maganar birki na buƙatar a ɗan tsaya. Akwai wata mummunar al'ada tsakanin mahaya ta sakin birkin gaba ko cire kebur ɗinsa, bisa imanin cewa shi ke kayar da mutum. A kan kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka. Babur mai birki ɗaya da buhu a baya, a gangare, akuya ta gitta, sai dai addu'a. A duba notin saita birki a ƙarshen sandarsa: idan an ɗaure shi har ƙarshen zare, abin da ke kama gangar ya cinye. Fitila da hon da sigina da madubi kuwa, dubawar minti biyu ce. Abin lura kawai shi ne wayarin da aka yayyanke aka ɗaure da leda, da fitilar da ba ta ƙara haske idan an murɗa totur, alamar ba ta cajin batir. A buɗe tanki a haska ciki, domin man 'yan bumburutu kan zo da ruwa da datti, tanki ya yi tsatsa ta riƙa toshe kafireta. Mita kuwa ba abin dogaro ba ce. Yawancinsu sun daɗe da tsayawa. Robar matakin ƙafa da ƙarfen giya da bakin makulli sun fi ta faɗin shekarun babur.

Sai hawa. Zagaye ɗaya a fili bai isa ba; a yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, da goyon mutum a baya, a haɗa da tudu da gargada. A shiga kowace giya a ba ta wuta. Giyar da ke fita da kanta ciwon cikin inji ne. A giyar ƙarshe, ana tafiya a hankali, a murɗa totur gaba ɗaya: idan inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kulochi na zamewa. A wuri mai kyau a sassauta riƙon kai a ji ko babur na ja gefe guda. Da an dawo, a kashe shi a sake tayarwa da zafinsa, domin wani ciwon wuta sai inji ya yi zafi yake bayyana. A bar shi tsaye minti biyar a kan busasshiyar ƙasa, sannan a duba ko ya ɗiga. Injin da aka wanke da safe, bayan wannan tafiya yake nuna inda yake yoyo.

Abin da aka gano duka sai a mai da shi kuɗi. Makanike ya faɗi farashin taya da kaca da batir da aikin inji, a tara, a ɗora a kan kuɗin da aka yi tayi. Idan jimillar ta doshi kuɗin wanda ya fi shi lafiya, araha ba ta yi ado ba. A kuma tambayi kai ko kayan gyaran wannan samfurin na samuwa a Sabuwa ko Dandume, ko sai an aika Funtuwa, ko Zariya, ko Kano. Tsohon babur mai ƙarko wanda babu kayansa a kusa ya fi zama a zaure fiye da kan hanya. Lokaci ma na da tasiri: da kaka kuɗi na hannun manoma, masu saye sun yi yawa, farashi na sama, gab da damina kuwa masu neman kuɗin taki ke fito da nasu.

Idan an daidaita, a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunayen mai sayarwa da mai saye, samfurin babur da launinsa, lambobin nan biyu, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da sa hannun shaidu aƙalla biyu waɗanda aka san gidajensu. A ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa da waya. Shari'a ta ba mai saye damar mai da kaya idan aibin da aka ɓoye masa ya bayyana, amma rigima kan ragu idan an rubuta sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji tun farko. Daga nan sai mai da rajista da lamba zuwa sunan sabon mai shi a ofishin tattara kuɗin shiga na jiha, da neman lasisin tuƙin babur, wanda ake kira aji A. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano tun ranar 1 ga Janairun 2009, don haka kuɗinta ma na cikin lissafi.

Ranar da babur ya shigo gida, kafin a ɗaura masa buhu ko a ɗauki fasinja, a zubar da man da aka same shi da shi a zuba sabo, a wanke soson iska, a mai da birkin gaba. Asalin takardu su zauna a gida cikin leda, kwafinsu kuma a ƙarƙashin kujera.